Mawaƙiyar da Ƙwaƙwalwa Ta Ɗauke wa Murya: Lamarin Linda Ronstadt

A watan Nuwamba na 2009, a birnin San Antonio da ke jihar Texas ta Amurka, Linda Ronstadt ta hau dandamali ta yi wasanta na ƙarshe. Shekararta 63 a lokacin. Sai a 2011 ta shaida wa wata jaridar garinsu cewa ta ajiye waƙa, a watan Agustan 2013 kuma ta fito ta faɗi dalili: likitoci sun ce cutar Parkinson, mai kawo rawar jiki da nauyin motsi, ce ta kama ta, kuma ko sauti ɗaya na waƙa ba ta iya fitarwa.

Ga wanda bai san ta ba, an haife ta a 1946 a Tucson, jihar Arizona, ba nisa da iyakar Meziko, a gidan da kowa ke waƙa. Kakanta na wajen uba haifaffen Sonora ne a Meziko. Daga shekarun 1970 ta zama ɗaya daga cikin manyan mawaƙan Amurka, an sayar da faya-fayanta fiye da miliyan 100. Amma ba yawan ciniki ne ya sa lamarinta ya cancanci nazari ba. Abin da ya bambanta ta shi ne ba ta taɓa zama a salo ɗaya ba. Ta yi waƙar samari mai ƙarfin kiɗa, ta yi ta mutanen karkarar Amurka, a 1980 ta shiga wasan kwaikwayo na waƙa irin na Turawan da, inda ake buƙatar siririyar murya mai hawa can sama, a 1983 ta koma tsofaffin waƙoƙin soyayya tare da babbar ƙungiyar makaɗa, a 1987 kuma ta fitar da kundin waƙoƙin Meziko da Sifaniyanci, irin waɗanda ta tashi tana ji a bakin mahaifinta. Kowane salo da yadda yake son a ajiye maƙogwaro, da yadda yake son a riƙe numfashi. Na Meziko ma ya fi tsanani: a ja sauti ɗaya da cikakken ƙirji har sai mai sauraro ya fara tausayin huhun mawaƙi, sannan a karya murya farat ɗaya zuwa siririya, a dawo ba tare da an ji gaɓa ba. Wadda ta iya duk wannan ta san maƙoshinta ciki da bai. In ta ce wani abu ya canza, to ya canza.

Abin da ta ji

A nata bayanin, tun wajen shekarar 2000 ta fara jin abin. Ba dishewa ba ce irin ta mura, ba kuma ta wanda ya kwana yana ihu ba. Za ta ɗauko waƙa, sai maƙoshi ya ƙage, murya ta tsaya cak. Ta san inda take son sautin ya sauka, kunnenta yana jinsa tun kafin ta buɗe baki, amma in ta tura sai ya faɗi wani wuri. Ta ci gaba da lallaɓawa, har ta ƙara fitar da kundi a 2004 da 2006, tana zaɓen abin da muryar za ta iya ɗauka. A ƙarshe-ƙarshe, in ji ta, abin da take yi a dandamali ya fi kusa da ihu a kan waƙa.

Ta ce ta san matsalar ta tsoka ce. Ta zargi wata cuta da ta taɓa samu daga cizon kaska. Da hannuwanta suka fara rawa, sai ta ɗora laifin a kan tiyatar kafaɗa da aka yi mata. Kowane zato da hujjarsa, babu na wauta a ciki. Abin da bai taɓa zo mata a rai ba, kamar yadda ta faɗa da bakinta, shi ne ta je wurin likitan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Sai a ƙarshen 2012 aka sa wa ciwon suna, kimanin shekara goma sha biyu ke nan da fara jin alamarsa a murya.

Kafin a gane yadda aka yi wannan tazara, sai an bi hanyar da sauti ke bi, daga ƙasa zuwa sama.

Maƙogwaro ɗan aike ne

A bayan zakaran wuya akwai wasu tantani biyu masu tsoka a ciki, suna fuskantar juna a bakin hanyar iska. Na mace yawanci bai kai santimita biyu ba, na namiji yakan ɗan ɗara. In mutum yana numfashi kawai, a buɗe suke. In zai yi magana ko waƙa, sai su haɗu, iskar huhu ta turo daga ƙasa ta raba su, su sake haɗuwa, ta sake raba su. Wannan buɗewa da rufewa ita ce murya. A hirar yau da kullum, na namiji kan kaɗa sau ɗari da ɗoriya a daƙiƙa ɗaya, na mace kuma wajen sau 200. Sautin da makaɗan Turai ke daidaita kayan kiɗansu da shi 440 ne a daƙiƙa. Mawaƙiya mai siririyar murya in ta hau ƙololuwa takan wuce 1,000.

Ba ƙwaƙwalwa ce ke aiko umarni don kowace kaɗawa ba. Babu tsokar jikin ɗan Adam da za ta iya motsi sau dubu a daƙiƙa, iska ce ke wannan aikin. Abin da ƙwaƙwalwa ke yi shi ne saiti: yaya tantanin za su miƙe, yaya za su matsu da juna, wane ƙarfi iska za ta zo da shi. Mai kalangu ya san wannan. Gangar ɗaya ce, fatar ɗaya ce, amma in ya matse igiyoyin a hammata sauti ya hau, in ya saki ya sauko, kuma gwanintar tana cikin sanin iya matsin da zai ba da sautin da ake nema. Kalangu na iya zama lafiya ƙalau, in hannun ya ƙi bin umarni, kiɗa ya ɓaci.

Saitin nan kuwa ba ya ɗaukar ganganci. Tsakanin sauti da maƙwabcinsa na kusa a ma'aunin kiɗan Turai bambancin saurin kaɗawa kusan kashi shida ne cikin ɗari. Kuskuren kashi ɗaya ko biyu ma kunnen da ya goge yana kama shi. A kan tsokoki ƙanana kamar waɗannan ake neman wannan daidaito, kuma a lokaci guda harshe yana furta kalma, leɓe da muƙamuƙi suna gyara faɗin baki, tsokokin haƙarƙari da na ciki suna sakin iska a hankali don kada numfashi ya ƙare kafin baiti.

Kowane sashe da jijiyarsa. Cikin jijiyoyi goma sha biyu da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, kowace dama da hagu, ta biyar ce ke riƙe muƙamuƙi, ta bakwai leɓɓa da fuska, ta goma sha biyu harshe. Babbar tsokar numfashi da ta raba ƙirji da ciki tana samun nata saƙon daga laka, ta wajen ƙasusuwan wuya na uku zuwa na biyar. Shi kuwa maƙogwaro na jijiya ta goma ne, wadda likitoci ke kira begas, kuma reshe biyu take aiko masa. Na sama yana zuwa ga tsokar da ke karkata guringuntsin zakaran wuya ta miƙar da tantanin, wato tsokar hawan murya. Ɗayan reshen tafiyarsa abin mamaki ce: yakan wuce maƙogwaro ya gangara cikin ƙirji, na hagu ya zagayo ta ƙarƙashin babbar jijiyar jinin da ta fito daga zuciya, sannan ya juyo ya hau wuya ya tarar da sauran tsokokin, masu buɗewa da masu rufewa. Shi ya sa ƙari a huhu ko kumburin wannan jijiyar jini kan iya fara bayyana da dishewar murya. Tun a ƙarni na biyu likitan Girka Galen ya nuna wa mutanen Rum aikin wannan reshe: alade yana tsala ihu, ya yanke jijiyar, alade ya ci gaba da shure-shure amma ihu ya ɗauke.

Wannan ɓangaren ya shafe mu kai tsaye, domin duka rassan biyu suna bi ta gefen ƙullin wuyan da ke kumbura ya zama maƙoƙo. Duk wanda za a yi wa tiyatar maƙoƙo akan gargaɗe shi cewa murya na iya canzawa. A 1935 aka yi wa shahararriyar mawaƙiyar Italiya Amelita Galli-Curci irin wannan aiki, ta dawo dandamali a 1936 muryar ba ta koma yadda take ba, har likitocin fiɗa suka riƙa kiran reshen sama da sunanta, kodayake wasu masu bincike daga baya sun yi jayayya a kan ko jijiyar ce ta jawo. Wanda aka taɓa masa wannan reshe yakan yi hira ba a gane komai ba. Sai ya zo jan sauti mai hawa ya tarar babu.

A wajen Linda Ronstadt babu wuƙar da ta taɓa wuyanta. Jijiyoyin suna nan. Matsalar tana can inda saƙon ke fitowa.

Hanya biyu daga ƙwaƙwalwa

Jariri ba ya koyon kuka. Wanda ya taka wuta ba ya shawara kafin ya yi ƙara. Irin wannan sautin yana da tsohuwar hanyarsa a can cikin ƙwaƙwalwa, wadda ke bi ta tsakiyar kututturenta, wato sashen da ya haɗa ta da laka, kuma kyanwa da biri da akuya duk suna da ita. Waƙa da magana ba ta nan suke bi ba. Su daga ɓawon ƙwaƙwalwa suke tasowa, daga wani zirin da ke gangarowa daga tsakar ka zuwa saman kunne, inda kowace gaɓa ta jiki ke da gurbinta. A ɗan Adam, gurbin maƙogwaro yana da zare da ya tafi kai tsaye zuwa ƙwayoyin da ke kututturen ƙwaƙwalwa masu ba jijiya ta goma umarni. A birai wannan zare kai tsaye babu shi, ko kuma ɗan kaɗan ne, kuma masana da yawa suna ganin yana cikin dalilan da suka sa biri ba ya jin waƙa ya maimaita, alhali aku da wasu tsuntsaye suna yi, domin su ma suna da irin tasu hanyar kai tsaye.

A 2018 wata tawagar masu bincike a San Francisco, ƙarƙashin likitan fiɗar ƙwaƙwalwa Edward Chang, ta duba wannan gurbi a kusa. Masu farfaɗiya ne da aka riga aka shimfiɗa musu na'urar auna motsin ƙwaƙwalwa a ƙarƙashin ƙoƙon kai don neman inda ciwonsu ke tasowa. Aka sa su maimaita jimla ɗaya suna ɗaga murya a kan kalma daban kowane karo, aka kuma sa su rera sauti. Sai aka ga wani ɗan yanki na sama a wannan ziri yana ƙara aiki daidai gwargwadon hawan murya, a magana da a waƙa. Da aka ɗan tsikare shi da lantarki, maƙogwaro ya motsa, wasu ma sauti ya fito musu ba da niyyarsu ba.

To amma ɓawon ƙwaƙwalwa ba shi kaɗai yake yanke hukunci ba. Kafin umarni ya sauka, yakan zaga ta wurare biyu. Ɗaya ita ce ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya, mai kula da lokaci da santsin motsi. In ta samu matsala magana kan fito a rarrabe kamar ta mai maye. Ɗayan kuma wasu dunƙule-dunƙulen ƙwayoyi ne a can gindin ƙwaƙwalwa. Aikinsu shi ne su buɗe wa motsin da ake so hanya, su danne waɗanda ba a so, su kuma ƙayyade girmansa. A nan ne abin da aka maimaita sau dubu yake zama jiki, har mutum ya yi shi ba tare da tunani ba. Mawaƙin da ya shekara arba'in yana waƙa ba ya lissafin yadda zai miƙe tantanin murya, yana nufar sauti ne kawai, waɗannan dunƙule su ƙarasa sauran.

Suna aiki ne da wani sinadari, dofamin, wanda wani ɗan baƙin gurbi a saman kututturen ƙwaƙwalwa ke samarwa. A cutar da likitan Landan James Parkinson ya bayyana a 1817, ƙwayoyin wannan gurbi ne ke mutuwa sannu a hankali, kuma kafin a ga rawar hannu ko nauyin tafiya, kaso mai yawa daga cikinsu sun riga sun tafi. Sakamakon shi ne komai ya ƙanƙance. Rubutu ya yi mitsi-mitsi, taku ya gajarce, fuska ta daina nuna fara'a ko fushi, murya ta yi ƙasa ta miƙe a layi ɗaya babu hawa babu sauka. Mafi yawan masu cutar, har kusan tara cikin goma a wasu ƙididdiga, sukan samu matsalar murya ko magana. Tsokoki kuma sukan sandare, wani lokaci motsi ya tsaya a tsakiya, mutum yana tafiya ƙafa ta manne a bakin ƙofa. Wanda ya san wannan, in ya ji mawaƙiya ta ce maƙoshinta yana ƙagewa murya ta tsaya, ba zai rasa inda zai dosa ba.

Kunne da maƙoshi

Akwai wani zagaye da ba a cika lura da shi ba. Mai waƙa yana sauraren kansa, kuma gyaran da yake yi ya fi tunaninsa sauri. An gwada wannan sau da yawa: a sa wa mutum abin ji a kunne, ya ja sauti ɗaya, sai na'ura ta ɗan ɗaga muryar da take mayar masa ba tare da ya sani ba. Cikin abin da bai fi kashi ɗaya ko biyu cikin goma na daƙiƙa ba, sai ya saukar da tasa muryar don ya cike giɓin, bai ma san ya yi ba. Tun 1911 wani likitan kunne na Faransa, Étienne Lombard, ya lura da ɗan'uwan wannan: in aka cika wa mutum kunne da hayaniya, yakan ɗaga murya da kansa.

Gogaggun mawaƙa ba kunne kaɗai suka dogara da shi ba. A wani gwaji da aka buga a 2013, masu bincike a Montreal ta Kanada sun sa wa mutane maganin kashe zafi a tantanin murya don jin taɓawar wurin ya ragu, sannan aka ce su rera sauti. Waɗanda suka yi horon waƙa ba su karkace kamar sauran ba, kuma hoton ƙwaƙwalwarsu ya nuna ta bi da rashin ta wata hanya daban. Shekarun horo sun gina musu taswira a ciki: ga yadda sautin kaza yake ji a maƙoshi, ga yadda yake ji a ƙirji, ga ƙarfin da yake ci.

A ganina nan ne zuciyar lamarin Ronstadt. Taswirar tana nan, kunnen yana nan, niyya tana nan. Tana nufar sauti, saƙo ya fita, ya isa a ƙanƙance ko a makare, kunne ya ce ba haka ba, ta aika gyara, shi ma gyaran ya bi ta wannan gurɓatacciyar hanya. Abin da ya rage mata shi ne ta ƙara ƙarfi, ƙarin ƙarfi ba tare da saiti ba kuwa shi ne ihun da ta ce ta koma yi.

Nan ne kuma amsar tazarar shekara goma sha biyu take. Magana tana yafe kuskure. In muryarka ta kauce da kashi uku cikin ɗari kana cinikin tumatir, babu wanda zai ji. Waƙa ba ta yafewa. Ciwon da bai kai ya nuna kansa a tafiya ko a riƙe cokali ba, ya riga ya isa ya ɓata aikin da ya fi kowane aiki na jikinta buƙatar daidaito. Madubin likitan maƙogwaro kuwa a irin wannan ciwo ba ya ganin ƙari ko gyambo. Abin da yakan gani wani lokaci shi ne tantanin ba sa rufewa ruf, wanda tsufa kaɗai ma kan kawo, ita kuma ta haura hamsin. Kunnenta ya riga kowace na'ura gano ciwon, sai dai ba shi da sunan da zai ba shi.

Mu da harshenmu ke bambanta kalma da kalma ta hawa da saukar murya, miƙewar murya a layi ɗaya ba ƙaramar asara ba ce ko a hira. Dattijo ya yi magana a ce masa “Baba, me ka ce?” sau uku, ya yi fushi ya yi shiru, domin a nasa kunnen da ƙarfi yake magana. Wannan ma yana cikin cutar: ma'aunin da mutum ke auna ƙarfin muryarsa da shi ya goce.

Sunan ciwon ya canza

A 2019 Ronstadt ta bayyana cewa abin da ke damunta ba Parkinson ɗin da aka saba ba ne. Wani ɗan'uwansa ne da ake taƙaita sunansa da PSP, wanda likitoci uku a Toronto, Steele da Richardson da Olszewski, suka bayyana a 1964. Ba shi da yawa, kusan mutum biyar ko shida cikin 100,000. Wani furotin mai suna tau ne ke taruwa yana kashe ƙwayoyi, kuma ɓarnar ba a baƙin gurbin nan kaɗai take tsayawa ba. Tana cin dunƙulen gindin ƙwaƙwalwa kansu, da saman kututture, da wasu sassan ɓawo. Alamominsa sun haɗa da faɗuwa ta baya tun da wuri, da wahalar juya ido sama da ƙasa, har mutum ya kasa ganin abincin da ke gabansa ko matakalar da zai taka, da sandarewar wuya, da lalacewar magana da haɗiya da wuri fiye da yadda ake gani a Parkinson. Ɗan wasan Ingila Dudley Moore, wanda gwanin fiyano ne, wannan ciwon ne ya kashe shi a 2002, bayan shekarun da mutane suka riƙa ganin yana tangaɗi yana maganar da ba ta fita suna cewa giya ce.

Bambancin ba na suna kaɗai ba ne. A Parkinson dofamin ne ya yi ƙaranci, amma masu karɓarsa suna nan, don haka maganin lebodofa, wanda jiki ke mayarwa dofamin, yakan yi aiki sosai shekaru da dama. A PSP masu karɓar ma sun lalace. Ita kanta ta ce magungunan Parkinson ba su yi mata amfani ba.

Ban ga sakaci a wannan sauyin suna ba. Babu gwajin jinin da ake amfani da shi yau da kullum don raba cututtukan biyu. Likita yana kallon alamomi ne, da yadda suke tafiya, da yadda jiki ya karɓi magani, hoton MRI ya ɗan taimaka in saman kututturen ya riga ya tsuke. Tabbaci na ƙarshe sai an duba ƙwaƙwalwa bayan mutuwa. Kuma nata ciwon bai bi hanyar da aka fi sani ba: PSP da aka saba yakan gama da mutum cikin shekara goma da farawa, akwai dai wani nau'insa mai tafiyar hawainiya wanda a farko ba a raba shi da Parkinson.

Wannan ya sa dole a sake duba wata magana da ta yi a 2013, cewa babu mai iya waƙa da Parkinson komai ƙoƙarinsa. An yi ta yaɗa maganar, amma ba haka take ɗari bisa ɗari ba. Mawaƙin Amurka Neil Diamond ya sanar da nasa ciwon na Parkinson a 2018 ya daina yawon wasa, duk da haka ya yi waƙa a gaban jama'a a 2022. Mawaƙin Ingila Ozzy Osbourne, shi ma mai Parkinson, ya yi wasansa na ƙarshe a Birmingham a watan Yulin 2025 yana zaune a kujera, makonni kaɗan kafin rasuwarsa. A ƙasashe da dama akwai ƙungiyoyin waƙa na masu Parkinson zalla. Abu biyu ne suka haɗu a maganarta: ciwonta ya fi wanda aka faɗa mata tsanani ga murya, sannan abin da ita take kira waƙa ba shi ne abin da ni da kai muke kira waƙa ba.

Wata ’yar Tucson ɗin

Garin da ya haifi Ronstadt ya ba da kishiyar lamarinta. Ranar 8 ga Janairun 2011 aka harbi ’yar majalisar wakilan Amurka Gabrielle Giffords a ka, tana ganawa da mutanen mazaɓarta a Tucson. Harsashin ya bi ta ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa, inda cibiyoyin harshe suke ga mafi yawan mutane. Ta rayu, amma kalmomi suka ƙi zuwa. A asibitin farfaɗo da marasa lafiya a Houston aka ga tana iya rera kalmomin da ba ta iya faɗa, aka yi amfani da wannan wajen jawo maganar a hankali.

Abin ba sabo ba ne. Tun ƙarni na 18 wani marubucin Suwidin, Olof von Dalin, ya ba da labarin ɗan manomi da ɓarin damansa ya shanye, bai iya furta komai sai kalmar “e”, amma yana rera waƙoƙin cocin da ya haddace tun da. A 1973 likitoci a Boston suka mai da wannan hanyar jinya: a sa wa gajeriyar jimla kari, mara lafiya ya rera ta yana buga hannun hagu, a riƙa rage karin har ta koma magana. Dalili shi ne waƙa tana jingina da ɓarin dama na ƙwaƙwalwa fiye da yadda magana ke yi, abin da aka haddace kuma yana da tasa hanyar fita. Masu jinyar wanda ɓarin jikinsa ya shanye a gidajenmu sukan ci karo da irin wannan, mutum ya kasa kiran sunan matarsa amma in aka ja masa farkon abin da ya haddace tun yana yaro ya ƙarasa.

Ga Giffords, kalmomi ne suka ɓata, injin murya yana lafiya, sai waƙa ta zama hanyar zagaye. Ga Ronstadt kalmomi suna nan, kari yana nan, ta ce har yanzu tana waƙa a cikin kanta, kuma binciken hoton ƙwaƙwalwa ya nuna cewa mai rera waƙa a zuci yana kunna sassan ji da na shirya motsi kusan kamar mai yi a fili. Abin da ya lalace mata shi ne matakin da magana da waƙa duka suke bi kafin su isa tsoka, kuma wannan ba shi da hanyar zagaye. Ta ci gaba da magana a bainar jama'a, ta yi shekaru tana zagayawa tana ba da labarin rayuwarta a dandamali, ta rubuta littattafai, amma ba ta koma waƙa ba.

Abin da ake iya yi

Ga mai Parkinson akwai horon murya da aka tsara a Amurka a shekarun 1980, zama 16 cikin mako huɗu, kuma umarninsa guda ne: yi magana da ƙarfi. Manufar ita ce a sake saita ma'aunin nan da ya goce, mutum ya saba da cewa abin da yake ji kamar ihu shi ne daidai a kunnen mutane. Yana taimakawa ƙwarai. Lebodofa kuwa ya fi gyara hannu da ƙafa a kan murya, tiyatar dasa wayar lantarki a ƙwaƙwalwa ma takan kwantar da rawar jiki ta bar magana yadda take, ko ta ƙara dagula ta. A PSP har yau babu maganin da ke tsayar da ciwon.

A wajenmu masu cin abinci da murya suna da yawa: ladan, limami, mai jan baƙi, malamin aji, mai shela, mawaƙi da ’yan amshinsa. In muryar ɗayansu ta fara ƙin hawa, abin da ake fara kawowa zuma ce da citta da kanumfari, in ya daɗe a ce an yi masa sammu, musamman in mawaƙi ne mai abokan hamayya. Dishewar da ta wuce mako uku ko huɗu tana buƙatar likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa. In ya leƙa bai ga komai ba, muryar kuma ta ci gaba da yin ƙasa, sai a dubi sauran jiki: rubutun ya ƙanƙance? Hannu ɗaya ya daina lilo in yana tafiya? Yana faɗuwa ba dalili? Ɗaura maɓallin riga ya zama aiki? In akwai ko ɗaya, wurin likitan jijiyoyi za a nufa, wanda aikinsa daban ne da na likitan taɓin hankali, ruɗanin da ke sa iyalai da yawa ja da baya.

Tambaya ɗaya da bai kamata a tsallake ba ita ce ko yana ƙwarewa in yana shan ruwa. Asalin aikin tantanin nan biyu ba waƙa ba ne, rufe hanyar iska ne a lokacin haɗiya, kuma jijiya ta goma ɗin nan ce ke ba su umarnin rufewar. Ciwon da ya hana su bin kari yakan zo daga baya ya hana su rufewa a kan lokaci, ruwa ko abinci ya zarce huhu, kuma ciwon huhun da ke biyo baya yana kan gaba a cikin abubuwan da ke kashe masu PSP. Shi ya sa mai horon maganar da aka kira don murya yakan koma koyar da iyali yadda za a kaurara abin sha, a zaunar da mara lafiya a miƙe lokacin cin abinci, a kuma bar shi ya haɗiye loma ɗaya kafin a miƙa masa wata.